Waya a hannu, ciwo a wuya: Kafin ka ruga kemis a haɗa maka magani

A da, idan ka ji an ce "wash, bayana", ba sai ka waiwaya ba, ka san kaka ce ke ƙoƙarin tashi daga tabarma, ko baba ne ya dawo daga gona. Yanzu kuwa ɗan shekara 22 ne zai miƙe daga bencin majalisa yana dafe da ƙugu. Budurwa ce za ta tashi da safe wuya ya ƙi juyawa, sai ta juyo da jiki gaba ɗaya kafin ta ga mai kiranta. Mai POS da ya wuni a cikin kes, telan da ya kwana a kan keke saboda ɗinkin sallah, ɗan adaidaita da ya sha ramukan titi tun asuba, ɗalibar da ta duƙufa kan tsofaffin tambayoyin JAMB, duk kukansu ɗaya. Ga kuma 'yan danne-danne, waɗanda ba su ɗauki buhu ba, ba su riƙe fartanya ba, amma kafaɗa kamar an ɗora musu dutsen niƙa.

Abin ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a faɗin duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Babu wata larura da ta kai shi hana mutane aiki da walwala. Sai dai akwai wani adadi na hukumar da ba a cika yaɗawa ba, alhali shi ya fi amfani a gare ka: kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon baya, ba wata muguwar cuta ba ce ko wani ƙashi da ya lalace. Tsoka ce da gaɓoɓi suka gaji, suka ɗaure, suke ƙorafi. Irin wannan ciwon yakan yi sauƙi sosai cikin makonni kaɗan, galibi kafin mako shida, idan mutum bai ƙara wa kansa wahala ba. To a nan gizo ke saƙar, don mafi yawanmu ƙarawa muke yi.

Hoton nan mai ban tsoro

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da wannan zanen: kan mutum yana ƙara sunkuyawa, a ƙarƙashi an rubuta nauyin da wuya ke ɗauka. Asalinsa wani likitan tiyatar ƙashin baya ne a New York ta Amurka, Kenneth Hansraj, wanda ya wallafa lissafin a 2014. Ya ce kan baligi a miƙe yana da nauyin kilo biyar ko kusa da haka. Idan ka sunkuyar da shi digiri 15, wuya yana jin kamar kilo 12. A digiri 30, kilo 18. A digiri 60, wato irin sunkuyon da ake yi idan waya tana kan cinya, kusan kilo 27. Ya fi jarkar ɗan garuwa mai lita 25 ke nan.

Lissafin ya yi farin jini saboda yana da saurin shiga kai. Amma fa a kwamfuta aka yi shi, ba a bi mutane aka ga wane ne ya kamu da ciwo ba. Da wasu masu bincike a Birazil suka ɗauki matasa 150 'yan shekara 18 zuwa 21, suka duba yadda kowa ke sunkuyawa lokacin rubuta saƙo, suka kuma tambayi masu ciwon wuya a cikinsu, sakamakon da suka fitar a 2018 bai nuna wata alaƙa tsakanin yanayin sunkuyon da ciwon ba. Wani yana sunkuye kamar mai neman allura, lafiyarsa ƙalau. Wani a miƙe kamar soja, wuya na damunsa.

Ba wai na wanke waya ba ne. Abin da nake so ka gane shi ne, an ƙera wuya don ya sunkuya. Gaɓoɓin ƙashi bakwai ne a cikinsa, da tsokoki masu ƙarfi, kuma iyayenmu mata da ke ɗaukar tulu a ka sun isa shaida cewa ba kayan gilashi ba ne. Abin da bai saba da shi ba shi ne a kafe shi wuri ɗaya awa uku. Gwada wannan: ɗauki ledar fiya wata guda ɗaya, rabin kilo ce kacal, ka miƙe hannu da ita. Minti ɗaya ba komai. Ka kai minti goma ka ji yadda kafaɗa za ta kama da wuta. Nauyin bai ƙaru ba, daɗewa ce ta yi aiki. Haka tsokar bayan wuya take ji lokacin da ka ce bari ka kalli kashi ɗaya na Labarina, ka farga ka cinye huɗu. Waɗanda suka yi zamanin Hamster Kombat a 2024, ana danna fuskar waya dare da rana ana jiran fashewa, sun san zancen. Wasu ba su samu kuɗin ba, amma ciwon kafaɗa kam an raba shi daidai wa daida.

Saboda haka duk wanda ya ce maka akwai wani zama guda ɗaya da ake kira zama mai kyau, wanda idan ka riƙe shi ka rabu da ciwo, bai faɗa maka duka ba. Ko zaman sarauta ka yi, idan ka daskare a cikinsa rabin yini, baya zai yi magana. Ka zauna a miƙe, ka kishingiɗa, ka tanƙwashe ƙafa, ka tashi tsaye, duk daidai ne muddin kana sauyawa.

Abin da za ka iya yi ba tare da ka ajiye wayar ba

Na san babu wanda zai bar waya saboda ya karanta wannan shafi, kuma ga da yawa wayar ita ce shagon. Don haka mu yi maganar abin da zai yiwu.

Kowane minti 20 zuwa 30 ka motsa. Ba sai ka yi wani atisaye ba: ka miƙe, ka juya kafaɗu baya sau biyar, ka kalli sama, ka kalli dama da hagu, ka koma. Minti ɗaya ya isa. Matsalar ita ce mantuwa, shi ya sa ya fi kyau ka ɗaura motsin a jikin wani abu da dama yana faruwa. Mai POS ya riƙa miƙewa duk lokacin da zai miƙa wa kwastoma kuɗi. Tela ya tashi idan ya gama hannun riga ɗaya, ko guga ce ya je ya yi a tsaye. Mai kitso ko mai lalle ta ɗora wadda take yi wa a inda ba sai ta naɗe kamar tabarma ba, ta kuma sauya zama tsakanin layi da layi. Ɗan adaidaita ya fito ya taka ƙasa idan yana jiran layi, ya kuma cire walat daga aljihun baya kafin ya zauna. Idan kira ya shigo, amsa shi kana tafiya. Dogon saƙon da za ka shafe minti goma kana rubutawa, yi shi da murya.

Idan kallo za ka yi mai tsawo, ɗago wayar kusa da saitin ido, ka samu inda gwiwar hannu za ta jingina, ko filo ne a kan cinya. Mai laftof kuma, kwanciya rub da ciki a katifa ana aiki ita ce hanya mafi sauri ta tara ciwon wuya da na ƙugu a lokaci guda. Ɗora ta a tebur, ka sa littattafai a ƙarƙashi ta ɗan ɗago.

'Yan mata, aikin gida ma yana cikin lissafi. Shara da guntuwar tsintsiya, wanki a duƙe bahon yana ƙasa, wanke-wanke a tsugune, duk sunkuyo ne mai tsawo. Ki ɗora bahon a kan benci ko kujera, ki samu tsintsiya mai dogon mariƙi, ki riƙa miƙewa kina ɗan gantsarewa baya hannu a ƙugu. Wajen ɗaukar jarka ko buhu kuwa, a jawo kayan kusa da jiki kafin a ɗaga, kada a ɗaga ana murɗa jiki, kuma raba kaya gida biyu ba ragwanci ba ne.

Motsa jiki biyu zuwa uku sun wadatar a gida. Na wuya: kana kallon gaba, ja haɓarka baya kamar wanda aka kawo wa abu mai wari kusa da hanci, ka riƙe daƙiƙa biyar, ka saki, sau goma. Na baya: durƙusa a kan hannu da gwiwa, ka tura bayanka sama kamar kyanwar da ta ga kare, sannan ka sake shi ya lotsa, a hankali, sau goma. Sai kuma ka kwanta rigingine ka rungumo gwiwoyi zuwa ƙirji. Ɗan jan tsoka ba matsala ba ne. Idan ciwon ya harba zuwa hannu ko ƙafa, dakata.

Amma wanda ya fi su duka, kuma kyauta ne, shi ne tafiya a ƙasa. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan mutum 701 da ba su daɗe da warkewa daga ciwon baya ba. An raba su biyu. Rukuni ɗaya aka ɗora su kan tsarin tattaki a kai a kai tare da bayani daga likitan fisiyo, ɗayan aka bar su haka. Waɗanda aka bari, a tsaka-tsaki ciwon da ke hana aiki ya dawo musu bayan kwana 112. Masu tattaki sai da suka kai kwana 208. Kusan ninki biyu, babu ƙwaya ko ɗaya. Mu kuwa daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai an tsayar da mai mashin.

Barci ma yana da hannu. Wanda ya raba dare yana cin datar dare zai tashi jikinsa ya fi jin zafi, domin ƙarancin barci yana sa ciwo kaɗan ya zama babba. Haka damuwa. Lura da kafaɗunka a makon jarrabawa, ko ranar da mai gida ya aiko a kan kuɗin haya, ko lokacin da aka karanta saƙonka aka ƙi ba da amsa. Za ka same su sun haura kusa da kunne ba ka sani ba. Ba ana nufin ciwon ƙarya ba ne. Tsoka ce ta ɗaure da gaske, abin da ya ɗaure ta ne ba a gani. Batun katifa kuwa, zancen da ake yi cewa sai mai tauri kamar dutse ba haka yake ba. Wani gwaji a Sifaniya a 2003 ya nuna masu ciwon baya sun fi samun sauƙi a katifa mai matsakaicin tauri. Filo kuma guda ɗaya wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa ya isa, ba uku ba.

Ranar da ciwon ya kama

Abu na farko da kowa ke yi shi ne kwanciya. Yini ɗaya idan abin ya yi tsanani, babu laifi. Amma kwana uku, huɗu, mako guda a katifa ana jiran ya wuce, wannan jinkirta warkewa yake yi. Tsoka tana ƙara sanƙarewa, tsoro yana ƙaruwa, sai mutum ya koma tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Likitoci sun daɗe da barin shawarar doguwar kwanciya. Ka rage aiki mai nauyi, ka ci gaba da zirga-zirga gwargwadon yadda za ka iya, ka gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi minti 15 zuwa 20. Tausa mai sauƙi tana taimakawa. Sa ƙato ya hau bayanka ya tattaka, ko barin aboki ya murɗe maka wuya don ya ga an yi a bidiyo an ji ƙas, wannan kam a'a. Jijiyoyin jini da ke kai wa ƙwaƙwalwa abinci ta wuya suke bi, kuma duk da ba kasafai ake samun matsala ba, idan aka samu ba ƙarama ba ce.

Sai babbar magana, kemis. "Oga, a haɗa min na ciwon jiki." A ƙulla maka ƙwayoyi biyar a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna, ba ka san me ka haɗiya ba. Sau da yawa a ciki akwai magunguna biyu 'yan gida ɗaya, irin su diklofenak da ibufurofen. Kowannensu shi kaɗai yana iya rage ciwo na 'yan kwanaki idan an sha bisa ƙa'ida bayan cin abinci. Haɗa su biyu ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a ciki, da wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ke wuni a rana bai sha ruwa sosai ba. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu, kada su taɓa irin waɗannan sai da izinin likita. Farasitamol ya fi su sauƙin illa, sai dai wani babban gwaji da aka wallafa a 2014 ya nuna a sabon ciwon ƙasan baya bai sa an warke da wuri ba.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne tiramol. Samari da yawa ba don maye suka fara shi ba. Don ƙugu ne, don a iya ƙarasa lodin yashi, don a iya kai dare a kan mashin. Yau guda ɗaya, wata mai zuwa sai biyu, daga nan kuma idan ba a sha ba jiki duka ya ɗauki ciwo, sai mutum ya ɗauka ciwon bayan ne ya dawo, alhali jiki ne ke neman ƙwayar. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magungunan ba bisa umarnin likita ba, kuma tiramol ne a gaba. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, ta ce kada a yi amfani da wannan dangin magani. A cikin abin da ta ce a guje wa har da bel ɗin ɗaure ƙugu, irin wanda ake ta tallatawa a Instagram. Abin da ta goyi baya shi ne motsa jiki, fahimtar ciwon, tausa da sauran aikin likitan fisiyo, da taimako kan damuwa.

Kada mu manta da mai mota da lasifika a bakin kasuwa, wanda a wurinsa kowane ciwon baya basir ne. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Yana sa ƙaiƙayi, zafi ko jini wajen bahaya, amma ba shi ke riƙe maka ƙugu bayan ka wuni a kan benci ba. Ka sha jiƙon da zai sa ka zawo kwana biyu, ka rasa ruwan jiki, benci kuma yana nan yana jiranka. Ƙaho wasu suna cewa suna jin sauƙi na ɗan lokaci. Wanda zai yi, ya tabbata askar sabuwa ce fil, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini.

Akwai kuma masu cewa sai an yi hoto hankalinsu zai kwanta. Ga abin mamaki: a 2015 an tattara hotunan bayan mutum sama da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon komai. A cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 hoton ya nuna faifan da ke tsakanin gaɓoɓin bayansu ya fara sauyawa, kashi 30 kuma ya ɗan bulluƙo. Lafiyarsu ƙalau fa. Irin wannan kamar furfura ce ta cikin jiki. Sai ka kashe dubban nairori, a rubuto maka turanci mai ban tsoro, ka dawo gida ka daina ƙwallo, ka daina sunkuyawa, ka mai da kanka majinyaci. Likita ne zai ce ga lokacin da hoto ke da amfani.

Lokacin da ba a jira

Duk abin da na faɗa a sama na ciwon yau da kullum ne. Akwai wanda ba a yi masa gashi ko tattaki.

Wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai, haske yana damun ido, haɓa ta kasa taɓa ƙirji: wannan ba filo ba ne, ana zargin sanƙarau, kuma Arewacin Najeriya da Nijar suna cikin yankin da yake ɓarkewa a lokacin rani da zafi. Awanni ne tsakanin tsira da akasin haka, asibiti kai tsaye.

Haka idan ciwon baya ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi da wajen zama, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko ƙafa ta fara rauni tana jan ƙasa. Jijiyoyin da suka fito daga laka ne aka danne, kuma jinkiri yana iya barin naƙasa. Idan ciwon wuya ya zo da raunin hannu, abu yana suɓucewa, maɓallin riga ya gagara, ko tafiya ta koma tangaɗi, shi ma haka. Wanda ya faɗi daga mashin ko aka yi hatsari da shi wuya ko baya na ciwo, kada a ja shi, kada a kai shi wajen mai ɗori, a ɗauke shi a shimfiɗe ba tare da lanƙwasa shi ba.

Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, yana tashin mutum cikin dare, ga rama, ga zufan dare, ga zazzaɓi sama-sama na makonni, a duba shi da kyau, domin tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya, kuma yana da magani idan an gano da wuri. Ciwo a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari tare da zazzaɓi da zafin fitsari, ƙoda ake dubawa. Mai sikila kuma ya san ciwon bayansa ba irin na kowa ba ne, kada ya tsaya gwaje-gwajen gida.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma an haura mako shida abin bai ragu ba, ko yana tafiya yana dawowa har yana hana ka aiki ko karatu, nemi likitan fisiyo, waɗanda ake kira masu gashin ƙashi. Sunan ya rage musu daraja, don aikinsu ya wuce gashi nesa: su ne za su gwada motsinka, su gano abin da ke tayar da ciwon, su tsara maka atisayen da ya dace da sana'arka. Ana samunsu a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, a Kano kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala. Kafin ka je, rubuta a wayarka ranar da ciwon ya fara, abin da ke ƙara shi, abin da ke rage shi, da awa nawa kake yi a zaune. Ledar haɗin nan ta kemis ma, idan da saura, tafi da ita su gani.